Ranar da Tsamiyar Goggo Ta Tashi Sama

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa daga ka. Sai in ajiye makullin sito in yi ta nema, ashe yana ɗaure a bakin zanena. Amma akwai rana guda da na tabbata ba za ta bi sahun makullin ba har in koma ga Mahaliccina, ranar da bishiyar tsamiya ta tashi sama a tsakiyar falona, ta tsaya cak ba abin da ya riƙe ta, manyan mutane suna zaune suna kallo. Ni na ɗaga ta, kuma har yau in na tuna sai na rufe baki da mayafi.

A lokacin muna zaune a Shagari Low Cost, a Jimeta. Shekarar nan ce da masu tayar da ƙayar baya suka watsa garuruwan arewacin jiharmu, mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tirela, wasu a ƙafa. Masu 'yan uwa suka sauka gidajen 'yan uwa, waɗanda ba su da kowa aka kai su sansani irin na Malkohi. Gidanmu ya cika har baranda. A hankali dangi suka rarraba baƙin, har aka bar mana mutum ɗaya, ƙanwar mahaifin maigidana, wadda kowa ke kira Goggo.

Na san Goggo tun ina amarya. Mace ce da in ta buɗe baki a wannan gefen ƙauye, kajin wancan gefen sukan nutsu. Ita ce ta taɓa mayar min da tuwon da na tuƙa, ta ce in kai wa magina su yi yaɓe da shi. Amma Goggon da ta sauko daga mota a ƙofar gidanmu wata ce daban. Ba ta faɗa, ba ta gyara wa kowa zama, in ka gaishe ta sai ta ɗaga kai kawai. Abin da ta iya ɗaukowa ranar gudu ba zane ba ne, ba kwano ba ne, irin dawa ne da na kuɓewa ƙulle a tsumma, kuma ko banɗaki za ta shiga sai ta tura ƙullin ƙarƙashin matashi.

Da zafi ya kama, irin zafin Yola da ko inuwa sai ta yi zufa, Goggo ta fara zama a tsakar gida tana fuskantar gabas tana shinshina iska. Wata rana ta ce, "Lokacin sharar gona ya yi." Maigida ya zauna ya yi mata bayani, cewa an karɓo manyan garuruwa, amma ƙauyukan gindin dutse irin nasu har yanzu wanda ya shiga ba a sake jin labarinsa. Ba a daɗe ba muka wayi gari babu ita babu ƙullin. A tashar mota ya same ta, tana zaune tana jiran mota ta cika. Da ya dawo da ita, magana ɗaya ta yi masa: "Za ka gaji."

Ni mace ce mai sanyi, duk abin da ya taso da lallashi nake fara masa. Na dama mata kunun gyaɗa, na yi mata miyar kifi ɗanye na Binuwai, na zauna ina matsa mata ƙafa ina ba ta haƙuri. Sai ta taɓa abincin da bakin cokali, ta ce "Useko," wato na gode, ta ture. Idanunta suka faɗa, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Muka rasa wanda za mu fi tsoro, ta tafi a kashe ta a hanya, ko ta zauna ta ƙare a gabanmu.

To a kusurwar falonmu akwai wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, wadda maigida ya sayo lokacin da ofishinsu ya yi gwanjon kaya, don 'yar farina ta riƙa buga aikin makaranta. Ba na kama sunanta, yarinyar nan nake ce mata har yau da take da nata 'ya'yan. Wata ƙawarta ta zuba mata wata manhaja ta ƙera wurare, shi ke nan aikin makaranta ya koma gefe. Da farko allon toka-toka ne, da wasu layuka kamar an shimfiɗa ragar kamun kifi. Da ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, maus, sai ta ja ragar sama ta zama dutse, ta danna ta ƙasa ta zama kwari, ta zuba ruwa, ta dasa itatuwa, har rana akwai inda take rataye ta. Duk wannan ƙwarangwal ne, ba kyan gani. Sai ta gama ta danna wani ɗan maɓalli mai hoton butar shayi, injin ya kama huci, hoton gaske ya fara fitowa daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, kamar ana warware tabarma. Mu a gida dahuwa muke ce wa wannan, don sai in ɗora wake in sauke bai gama ba. In aka ɗauke wuta a tsakiya kuwa, dahuwa ta lalace, sai a koma farko. Saboda zafi yarinyar nan takan juya wa injin fanka, ita ta zauna tana zufa. Ubanta ya ce, "Injin nan ya fi ni gata a gidan nan."

Wata yamma Goggo za ta wuce ɗaki sai ta ja ta tsaya a bayan yarinyar. An gama dafa wani hoto, duwatsu masu tsini da farin abu a kansu.

Goggo ta ce, "Wa ya shanya garin rogo a kan dutse?"

Yarinyar ta ce, "Ƙanƙara ce, Goggo. Ta ƙasar Turawa."

"To ki bar musu kayansu. Kuma dutse ba ya tsini haka kamar haƙorin kare. Ke kin taɓa ganin dutse kuwa, ko labari kike ji?"

Ina bakin madafa da ludayi a hannu. Tun da ta zo gidan ban ji ta jera magana mai tsawon wannan ba. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi musu ba. Ta jawo kujera ta ce, "To zauna ki nuna min yadda naku yake."

Haka aka fara gina ƙauyen su Goggo a falona. Kullum in yarinyar ta dawo daga makaranta kuma akwai wuta, sai su zauna kafaɗa da kafaɗa. "Ƙara masa kafaɗa ta hagu." "Rage. Na ce kafaɗa, ban ce ƙusumbi ba." "A nan akwai falalen dutse inda muke shanya barkono." Ƙasa ba ta yi ja sosai ba, a ƙara. Rafi ya miƙe da yawa, a lanƙwasa shi. Har rana sai da aka sauya, Goggo ta ce wannan ta azahar ce, ita ta la'asar take so, lokacin da shanu ke gangarowa. Daga ƙarshe ta ɗora yatsa a allo ta ce, "Nan, hayin yamma, cikin gonar babana. Tsamiya." Babu tsamiya a cikin itatuwan manhajar, sai yarinyar ta ɗauko wata bishiyar Turawa ta yi ta faɗaɗa mata kai tana duhunta ganyen, har Goggo ta taɓe baki ta ce da dama-dama.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Bappa. Ɗan kawun Goggo ne, taubashinta, wanda al'ada ta halatta musu zagin juna tun suna yara. Shi ma gudun ya yi, ya sauka wurin ɗansa a Makama, cikin Yola. A ƙauye rafi ne kawai ya raba gonarsa da ta Goggo, kuma tsamiyar nan rigima ce da suka gada daga iyaye. A wajensu rafi shi ne iyaka, wanda bishiya ta faɗo gefensa shi ke kaɗe 'ya'yanta. Matsalar ita ce rafin mai yawo ne, wata damina ya bi ta gabashin tsamiyar, wata ya bi ta yammacinta, don haka kowannensu yana da shekarun da yake tunawa, kuma ba wanda ya yi ƙarya.

Bappa ya rame shi ma, babbar riga tana yawo a jikinsa. Aka nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo. Can sai ya ɗaga sandarsa ya nuna allon ya ce, "Wa ya kai tsamiyata gonar baiwata?"

Goggo ta gyara zama. Wallahi har bayanta sai da ya miƙe. Ta ce, "Ɓarawon tsamiya, ashe ba ka mutu a hanya ba?"

"Ina zan mutu in bar miki kayan ubana?"

"Ubanka da ya zo ƙauyen da jaki ɗaya, shi ma na aro?"

Daga nan suka bar Hausa suka koma Fulatanci, inda zagin ya fi musu zaƙi. Sai da aka kira magariba suka tsaya. Da na kawo tuwo, Goggo ta cinye malmala ta nemi ƙarin miya, sannan ta dube ni ta ce, "Uwar yara, gishirin gidan nan ya ƙare ne?" Ban taɓa jin daɗin a kushe min girki ba sai ranar.

Murnata ba ta yi nisa ba. Bappa ya koma Makama, tsamiya ta zauna a gefen Goggo, yarinyar nan ta ƙara rumbu da 'yar bukka, ta dafa hoton ƙarshe. Ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Goggo ta zauna a gabansa tun hantsi har inuwa ta juya, sannan ta ce a hankali, "Ga gida can yana jirana. Jibi motar wajenmu ke lodi." Ta wanke zanenta, ta ƙara ɗaure ƙullin iri. Maigida ya ce zai sa kwaɗo a ƙofa. Na san ba zai iya ba, wa ke kulle ƙanwar ubansa kamar akuya? Ko ya kulle, a ɗaki za ta ƙarasa.

Ina tankaɗe da yamma tunanin ya zo min. Duk lallashin da na yi bai sa ta ci loma ba, amma ranar da aka taɓa mata tsamiya ta ci har da ƙari. Muddin bishiyar tana gefenta, hankalinta a kwance yake, za ta iya tafiya. To in bishiyar ta ƙi zama fa?

Ni ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi yarana na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, inda na koyi rubutu da karatu. Turancin da ke jikin allon nan bai san ni ba, ni ma ban san shi ba. Amma ajin manya ya koya min abu guda, in ba ka gane bakin malami ba, ka kalli hannunsa. Duk zaman da su Goggo ke yi ina gefe ina tsince shinkafa, idona yana kan hannun yarinyar. Na ga yadda take taɓa bishiya sai wani akwati rawaya ya kewaye ta, ta danne, ta ja, ta saki. Kunna injin da buɗe hoton kuwa ita da kanta ta koya min, don Goggo ta riƙa kallo in ba ta nan.

Washegari yarinyar ta tafi makaranta, maigida ya tafi ofis, Goggo ta yi wanka ta kwanta barcinta na hantsi. Allah ya taimake ni ba a ɗauke wuta ba. Na zauna a kujerar yarinyar nan. 'Yar kibiyar da ke yawo a allo ta yi ta guje min, in nufi gabas ta yi kudu, sai da na kama maus da hannu biyu kamar mai murɗe wuyan kaza. Na taɓa tsamiya, akwati rawaya ya fito. Gonar Bappa tana ta saman allo, hayin rafi. Na ja ta can, na saki, na danna butar shayi, na koma na ɗora wake.

Da Goggo ta tashi na ce, "Goggo, zo ki yi sallama da gida, tunda gobe ne tafiyar."

Ta zo tana ɗaura kallabi. Ta duba. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa allo. Ta ce, "Uwar yara, wa ya shigo gidan nan?"

Na ce, "Ni dai ina madafa, Goggo." Kuma na shiga madafar, ba ƙarya na yi ba.

Ta jawo kujera ta zauna daram. "Ba inda zan je. In na juya baya, tsohon nan har rumbuna zai kwashe."

Yarinyar nan ta dawo ta sha faɗa tun daga bakin ƙofa, wai Bappa ya saye ta da goro. Ta rantse, ta duba injin, ta ce wataƙila ta manta ba ta adana aikin ba ne. Ta mayar da tsamiya gefen Goggo. Na bari aka kwana, hankali ya fara kwanciya, aka soma maganar mota, sai tsamiya ta sake haye rafi.

Goggo ta sa aka kira Bappa a waya. Daga ranar kusan kullum sai ya hawo Keke Napep daga Makama ya zo duba gonarsa. Da farko ya yi ta rantsuwa cewa ko kunna rediyo jikokinsa ke yi masa. Da ya ga abin yana yi wa Goggo ciwo sai ya daina musu. Ya shafa gemu ya ce, "Ni ban taɓa injin ba. Bishiya ce ta san ubangidanta." Goggo ta ce dama tun suna yara an san gidansu da asiri. Maigida ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, shi ya sha jin irin haka a ofis. Ni kuwa ina kawo musu ruwan sanyi ina cewa, "Allah ya kyauta."

Goggo ta ɗauki gadi. Ta kwaso tabarmarta ta dawo falo, ta lulluɓe injin da zane, ta gicciya sandarta a kai. Nan aikina ya ƙara wuya, amma na san inda take da rauni. In mai kifi ya yi sallama sai in ce, "Goggo, mutumin nan kullum cutata yake, ni ban iya ciniki ba." Kafin in rufe baki ta kai ƙofa. Kafin ta gama yi wa mai kifi tas, na ja, na danna, na mayar da zane da sanda yadda suke. Injin ya yi ta huci a ƙarƙashin zane, Goggo ta dawo ta kasa kunne ta ce ga aljanin tsohon nan can yana numfashi. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, Goggo ba ta ko ambaci tasha ba. Kumatunta suka fara dawowa, muryarta ta koma isa gidan maƙwabta.

Sai ta yanke hukunci. Ranar Asabar kowa ya hallara, yarinyar nan ta dasa tsamiya a gaban idon kowa, a dafa hoton ana zaune, a ga ta inda aljanin zai biyo. In bishiyar ta zauna, magana ta ƙare, ita kuma ta kama hanya, don shuka ba ta jira.

Asabar ta zo. Bappa ya sha wankinsa, maigida ya zauna a matsayin alƙali. Yarinyar ta dasa bishiyar a gefen Goggo, ta jujjuya ƙwarangwal ɗin ta nuna musu ta kowane ɓangare, kowa ya shaida. Ana cikin haka aka kira la'asar. Maza suka fita masallaci, yarinyar ta shiga ɗaki. Goggo ta ɗauki buta, ta tsaya ta dubi injin, ta dube ni. Na fito ke nan daga tankaɗen garin tuwo. Ta ce, "Uwar yara, tsaya min a nan. Duk gidan nan ke kaɗai na yarda da ke."

Na ce, "To, Goggo."

Tana ba da baya na kama maus. Na taɓa, akwati ya fito, na ja zuwa saman allo kamar yadda na saba, ina jin ƙarar ruwan alwalarta. Ban tsaya dubawa ba. Abin da ban sani ba shi ne, kullum ta bisa nake samun ƙwarangwal ɗin, kamar yadda shaho ke kallon gona, don haka saman allo shi ne hayin rafi. Ranar kuwa yarinyar ta bar shi a juye ta gefe, kamar yadda mutum ke kallo in yana tsaye. Saman allo ya zama sama ta Allah.

Aka idar da salla aka dawo, allon ya riga ya yi barci. Goggo ta ce kada yarinyar ta sake taɓa abin jan nan, maɓalli ɗaya kawai za ta danna ta koma nesa. Ta danna. Muka zauna, fanka tana kan injin, mu muna fifita. Layi ya fara saukowa. Sararin la'asar ya fito, shuɗi da ɗan ja-ja. Sai wani baƙin abu ya ɓullo a tsakiyar sararin.

Maigida ya ce, "Hadari kika ƙara?"

Yarinyar ta ce, "Ban ƙara komai ba, Baba."

Abin ya yi ta faɗi. Ganye ne. Rassa suka biyo, sai kututture, ya sauko ya sauko, ya ƙare a yanke kamar an sare shi da zarto. Ƙarƙashinsa ba komai sai iska. Injin yana ta huci. Can ƙasa kan dutse ya fito, falalen barkono ya fito, gonar Bappa ba tsamiya, gonar Goggo ba tsamiya. Da layi ya iso rafi, sai ga inuwar bishiyar kwance a tsakiyar ruwa, ba ta gabas ba ta yamma.

Bappa ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "To. Ta gaji da mu."

Maigida ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa Litinin zai kai injin wurin mai gyara. Yarinyar nan ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan maus, inda farin gari ya zana yatsu ɓaro-ɓaro. Ta ɗago ta dubi hannuna. Na tura shi cikin mayafi, amma na makara, don Goggo ta bi idon yarinyar tun daga tebur har zuwa inda ya sauka.

Goggo ta bari Bappa ya hau kekensa, maigida ya raka shi. Ina madafa ina juya miya ba tare da na san me nake juyawa ba, sai na ji takunta. Na waiga, ga ta tsaye da ƙullin iri a hannu. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, yanzu da fushi za ta tafi.

Ta ce, "Ke mai shiru-shirun nan. Ina ta zagin bawan Allah, ashe ɓarawon yana dama min kunu."

Na sunkuyar da kai.

"Don me?"

Na ce, "Goggo, ina tsoron ki tafi a bugo mana waya."

Sai ta jawo kujerar tsuguno ta zauna, ta fara kwance ƙullin, ƙulli bayan ƙulli, har iri ya bayyana. Ta ce, "Bayan ɗakin nan naku da kuka bar wa ciyawa, gobe a nemo min fartanya. Ƙasar banza ce, amma kuɓewa ba ta da girman kai." Ta zuba min dawa a tafin hannuna mai gari. Sannan ta rage murya ta leƙa ƙofa. "Tsohon nan bai gane ba ko?"

Na ce, "Bai gane ba."

"Kada ya gane. Matar ɗansa ta gaya min, kafin rigimar nan ko rabin kofin kunu ba ya sha, yanzu har ɗumame yake nema. Kuma shi ma ya je ya tambayo mota, kin sani? Gobe ki sauko min da tsamiyata gefena. In an kwana biyu ki kai masa ita ya ɗan ji daɗi, sai in kira shi in ci mutuncinsa." Ta miƙe, ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Kuma ki riƙa wanke hannu. Ɓarawo da gari a yatsa, abin kunya."

Haka muka ci damina, mu uku, don yarinyar nan ma ta shigo ciki, ita ta koya min yadda ake gane sama da ƙasa. Tsamiya tana haye rafi tana dawowa, Bappa yana zuwa yana shafa gemu, maigida yana ta alkawarin mai gyara. Kuɓewar Goggo ta yi 'ya'ya har muka raba wa maƙwabta. Sai da hanya ta yi kyau sosai, mutanen ƙauyen suka koma a ayari, sannan tsofaffin nan biyu suka bi su a mota ɗaya, suna faɗa a kan wa zai zauna ta taga. Sun tarar an ƙone gidaje da rumbuna, amma tsamiya tana nan tsaye. Da suka bugo waya ba mu ji komai sosai ba, don kowa yana ƙwace wayar ya faɗi ta gefen da rafi ya bi.

Goggo ta rasu bayan wasu shekaru, a ɗakinta, a ƙauyenta. Kakar da ta biyo baya Bappa ya aiko mana da tsamiya cikin buhu, ya ce wa ɗan aiken a gaya min daga gonar baiwarsa ce. Yarinyar nan yanzu da wannan aikin take ci, tana zana wa magina yadda wuri zai kasance kafin a sa bulo. Hoton ranar Asabar ɗin nan ta buga shi a takarda, yana rataye a falona, baƙi suna tambaya ko kuskure ne, in ce musu aikina ne.

Da ina ganin duk wanda ransa ya karye haƙuri da lallashi ne maganinsa, kuma gidan da ya yi shiru shi ne gidan lafiya. Goggo ta koya min ba haka ba ne. Wani in ka rarrashe shi sai ya ƙara kwanciya, amma ka taɓa masa abin da yake jin nasa ne, ka ga ya miƙe ya nemi tuwo. Tun daga nan in na ga tsoho ya yi shiru da yawa, ba na tsayawa a ba shi haƙuri. Sai in nemo tsamiyarsa in ɗan matsar da ita.